Yadda nake shuka winka, furen da ba ya son gata

A watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya iso Wad Madani, birnin da nake zaune a ƙasar Sudan, na bar tukwanen fulawa ashirin da ɗoriya a tsakar gidana. Akwai wardi biyu da na sha wahala a kansu, akwai ful da raihan, ga kuma jahannamiyya da ta haye katanga har ta leƙa gidan maƙwabta. Ko waiwayensu ban yi ba. Wadda ta goya jika ɗaya, ta riƙe ɗaya a hannu, ba ta tuna fure. Muka yi Gadarif wajen ƙanwata, ana cewa kwana biyu ne, kwana biyun nan ya zama shekara da wata huɗu.

Mun dawo bayan ƙaramar Sallar 2025, a tsakiyar bazara. Ban da jahannamiyya, wadda ita ma rabinta ya bushe, babu mai rai a tsakar gidan. Winkata ta zama ƙirare, na tuge ta na hura wutar shayi da ita. Sai da ruwa ya sauka sau uku a watan Yuli, wata safiya na je ɗiban ruwa a mazyara, wato inda muke jera randunan sha, na ga wasu 'yan tsirrai sun leƙo daga tsagar siminti. Na durƙusa na duba. Ganyen yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, da ɗan farin layi a tsakiya. Na ƙirga goma sha bakwai. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya ba su ruwa. Iri ne da ya zube ya kwanta a ƙasa yana jiran damina.

Tun daga ranar duk wadda ta ce mini tana son fure a gida amma hannunta ba ya karɓar shuka, winka nake nuna mata.

Winka sunan da za ku ji ke nan a kowane mashtal, wurin sayar da dashe, daga Madani har Port Sudan, kuma 'yan'uwanmu na Makka da Jidda da wannan sunan suka san ta. Masana tsirrai suna ce mata Catharanthus roseus, amma da can Vinca rosea suka sa mata, daga nan Larabawa suka samo winka. Asalinta tsibirin Madagaska. Gajeruwa ce, galibi ba ta wuce gwiwar babba, ko da yake tsohuwa da ba a taɓa aske ta ba tana iya kai ƙugu. Ba ta zubar da ganye rani da damina, tana kuma yin shekaru. Furenta kunne biyar ne a shimfiɗe kamar tafin hannun jariri: akwai ruwan hoda, akwai fari fat, akwai fari mai jan ido a tsakiya, wanda na fi so. Ba ta da ƙamshi, wannan ne kaɗai abin da ful ya fi ta. Danginta kun san su sarai, tumfafiya da kariya, shi ya sa in an karya reshenta za a ga ɗan farin ruwa ya fito, kuma shi ya sa awaki ba su cika kula ta ba.

Aikin duka a ƙasa yake. Mu nan jihar Jazira baƙar laka gare mu, wadda da rani take tsagewa har ƙafar yaro ta shige, da damina kuma ta riƙe ruwa kamar kwano. Auduga da dawa suna sonta, winka kuwa kabarinta ce. Saiwar winka ba ta jure zama a cikin ruwa ko na kwana biyu. Don haka ban taɓa dasa ta a lakar tsakar gida zalla ba. Abin da nake haɗawa: kwano biyu na yashin bakin kogi, kwano ɗaya na gurer, wato lallausar ƙasar da kogi ke bari in ya janye, da kwano ɗaya na tsohon takin dabbobi, wanda a nan ake ce wa marog. Na ce tsoho, wanda ya shekara ya yi baƙi, ya daina wari, yana murmushewa a hannu. Ɗanyen kashin awaki ƙona saiwa yake yi, ga shi yana kiran gara. In kun haɗa, ku jiƙa kaɗan ku dunƙula a hannu. In dunƙulen ya watse da kun taɓa shi da yatsa, ta yi. In ya tsaya kamar curin fura, a ƙara yashi.

Tukunya kuwa ba sai an saya ba. Tsohon zir, wato randa, da ya tsage, gwangwanin madara babba, jarkar mai da aka yanke, duk suna yi, da sharaɗi ɗaya: a huda gindin, huda uku ko huɗu masu faɗin ɗan yatsa, a sa fasassun katanga ko tsakuwa a kai don kada ƙasa ta toshe su. Na ƙasa ya fi na roba, domin yana numfashi, kuma ba ya dafa saiwa a zafin Mayu. In a ƙasa kuke son dasawa, ku yi ɗan tudu kamar kunyar dankali, tsayin taƙi ɗaya, ku dasa a samansa. Ruwan Agusta zai gangara ya bar ta.

Hanya biyu ake samunta, iri ko reshe. Irin baƙi ne, bai kai ƙwayar gero ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne duhu yake so kafin ya tsiro. Nakan zuba ƙasar da na haɗa a wani tsohon faranti mai huda, in jiƙa ta, in barbaɗa irin da ɗan tazara, in rufe da yashi kaurin rabin santimita. Sai in kifa kwali a kai in tura ƙarƙashin angareb, gadon igiya, a cikin rakuba, wato rumfa. Daga kwana bakwai zuwa sati biyu za a ga sun fara ɗago kai. Da kun ga na farko, a cire kwalin a fito da su inda haske yake amma rana ba ta dukansu kai tsaye, in ba haka ba za su yi tsawo, su yi fari, su kife. A wannan lokacin ne aka fi asararsu. Tsiron yakan ruɓe daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya faɗi kamar an yanke shi da reza, kuma ruwa ne ya yi yawa. Ni da hannu nake yayyafa musu, kamar ana yayyafa wa tsakar gida kafin shara, sai saman ƙasar ya bushe nake ƙarawa.

Irin yana son ɗumi, saboda haka ban shuka shi a tsakiyar ɗari, Disamba da Janairu. Lokutan da suka fi yi mini kyau biyu ne: ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya yi tsanani, da kuma Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. Daga shuka zuwa furen farko wata biyu da rabi ne ko uku.

Reshe ya fi sauri, kuma shi ne kaɗai zai ba ku launin uwar daidai. Wannan na koya da tsada. Na taɓa sayen wata ja jawur a mashtal, na tara irinta na shuka ina murna, sai 'ya'yan suka fito yawancinsu ruwan hoda irin na kowa. Waɗannan masu launi na musamman haɗe-haɗe ne, irinsu yakan koma gidan kakanni. To in kun ga wadda ta burge ku a gidan suna ko biki, ku roƙi reshe. A yanko kan reshe mai tsawon ɗan yatsa da rabi, wanda bai yi laushi sosai ba bai kuma zama ice ba, a yanke daidai ƙasan gaɓa. A cire ganyen ƙasa da duk fure da ƙunshin fure, a bar ganye huɗu a sama. A soka shi cikin jiƙaƙƙen yashi, a ajiye a inuwa. Bayan sati uku zuwa huɗu, in kun ɗan ja shi kuka ji ya riƙe, ya yi saiwa. Wasu a kofin ruwa suke sa shi, yana yi, amma saiwar ruwa ragguwa ce, rabinsu sukan mutu wajen dashe. A cikin goma da na soka a yashi, shida ko bakwai sukan kama, ban kuma ganin wannan asara ce.

Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar sakaliya. Tsiron iri sai ya yi ganye shida. A ɗago shi da cokali tare da ƙasar da ke jikinsa, domin winka ba ta son a taɓa mata saiwa. Kada a binne ta fiye da yadda take a da. Tsakanin ɗaya da ɗaya a bar kamar taƙi da rabi, santimita 25 zuwa 30. Za ku ga wurin kamar ya yi fili, ku yi haƙuri, wata biyu za su haɗe. Kwana uku na farko nakan kare su da tsohuwar tabarma da rana.

Rana kuwa tana sonta ƙwarai. A inuwar darbejiya za ta rayu, sai dai ta yi ta miƙa wuya, furen ɗaiɗai. Wurin da ya fi mata shi ne inda hantsi ke samunta har azahar, sannan katanga ta kare ta daga ranar yamma. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Madani ke haura 40, za ku ga da tsakar rana ganyenta ya nannaɗe kamar taba. A nan ake yaudaruwa. Ba ƙishi ba ne, dabararta ce ta rage zufa, da magariba za ta buɗe. Sai in kun tashi da asuba kun same ta a nannaɗe har yanzu, to wannan ƙishi ne na gaske.

Matar ɗana ta kashe mini tukwane huɗu a sati biyu, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Na je garinmu Mai Wurno ta'aziyya na bar mata amanar gida. Yarinyar kirki ce, duk alwalar da ta yi sai ta juye sauran butar a gindin winka, safe da yamma kuma ta bi su da bokiti. Na dawo na tarar ganye ya yi rawaya ya rataye, rassan sun yi baƙi daga ƙasa. Ta ce, “Wallahi Inna ban taɓa barinsu da ƙishi ba.” Na ce, “Ai shi ne, 'yar nan. Garin neman ƙiba kin samo musu rama.” Na tuge ɗaya na nuna mata. Saiwar da ya kamata ta zama fara ta koma ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu, tana warin kwata. In ta kai haka babu magani. A zubar da shukar da ƙasarta, a wanke tukunyar a shanya ta a rana kwana biyu, in da reshe mai lafiya a sama a yanko shi a sake kafawa.

Ƙa'idata yatsa ce. A soka shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in an ji danshi a wuce. In ta bushe, a ba ta ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan a manta da ita. A gidana da bazara kwana bibbiyu ne ga na tukunya, da ɗari sau biyu a mako, da damina kuwa sau da yawa aikina shi ne janye tukwane daga ƙarƙashin indararo. A gindi ake zuba ruwan, da safe, ba a kan ganye ba, domin ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke kawo cutar da ke baƙanta reshe. Ruwan da ke ɗiga daga gindin randa ya fi kowane kyau, nakan tara shi a kwano in raba musu. Ruwan wanki mai omo kada ya kusance ta. Bayan habub, guguwar ƙurar nan da ke mai da rana dare, nakan wanke ganyen da sassafe sau ɗaya don su samu su sha iska.

Taki kaɗan ya ishe ta, tafin hannu ɗaya na marog a kowace tukunya duk wata biyu. In an cika mata, ganye za ta yi ta yi ta manta da fure.

Akwai abu guda da masu tausayi ba sa iya yi, kuma shi ne bambancin winka mai cika kamar kwando da mai tsayuwa kamar sandar makiyayi. In dashe ya kai tsawon taƙi, a sa farce a tsinke kansa. Inda aka tsinke rassa biyu za su fito, su ma in sun yi ganye shida a tsinke. Za a yi jinkirin fure da sati biyu, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsohuwa kuma da ta yi ƙafafu, ganye sai a can sama, nakan rage mata rabi a farkon Maris, ta sake tohowa. Bayan shekara uku dai takan gaji, gara a maye gurbinta da 'ya'yanta. Furen da ya bushe ba sai an tsince ba, da kansa yake faɗuwa.

Ruwa ba ya tsami banza, haka ganyen winka ba ya rawaya banza. In na ƙasa ne ya yi rawaya ya yi laushi, ruwa ya yi yawa. In sabon ganyen sama ne ya koɗe amma jijiyoyinsa suna nan kore, sinadarin ƙarfe ne ba ta samu, domin ƙasarmu mai kanwa-kanwa ce, tana riƙe shi ta hana saiwa sha. A mashtal ku ce a ba ku hadid na shuka, wato wannan sinadarin ƙarfen, ko ku sake mata ƙasa mai yawan ruɓaɓɓen ganye. In kuma a Janairu ne ta yi rawaya ta tsaya cak, sanyi ne, a rage ruwa a jira ɗumi. Ƙwari farare masu kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, nakan goge su da tsumma da ruwan sabulun wanka kaɗan, ko in fesa ruwan jiƙon ganyen darbejiya da yamma. Akwai kuma wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai kaurin yatsa da kan cinye reshe a dare ɗaya. Ku nemi baƙin kashinta a ƙasa, tana nan sama da shi. A cire ta da hannu.

Yanzu gargaɗi, kuma da gaske nake. Za ku ji ana cewa a dafa ganyen winka a sha don ciwon suga. Kada ku yi. Wannan maganar ce ma ta sa likitoci suka bincike ta. A Jamaika mutane suna shan shayinta don suga, sai aka aika da ganyen Kanada, Jami'ar Western Ontario, inda Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a kan ɓeraye. Abin da suka gani shi ne fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen sun zube. Daga nan a 1958 aka fitar da maganin da ake rubutawa vinblastine a jikin kwalba, daga baya kamfanin Eli Lilly ya fitar da ɗan'uwansa vincristine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1963. Har yau da su ake yaƙar sankarar jini ta yara da wasu cututtukan daji, kuma sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya. A nan Madani muna da Cibiyar Cutar Daji ta Jami'ar Jazira, wadda mutane ke ce wa asibitin zarra. Nakan yi mamakin iyayen da ke zaune a irin waɗannan wurare, ko sun san maganin da ake sa wa ɗansu a jijiya daga furen da ke bakin ƙofarsu ya fito. Abin da likita ke aunawa da ɗigo ba na tafasawa a buta ba ne. A nisanta ta daga yara masu rarrafe, a wanke hannu bayan an aske ta.

Game da ma'anarta, mu Hausawa ba mu gaji aika saƙo da fure ba. Itatuwa muke wa kirari: giginya na nesa ka sha inuwarki, gamji kuma ya zama sunan babban mutum. Amma wasu al'ummu sun ɗora wa winka magana. A arewacin Indiya sadabahar suke ce mata, wato mai lokacin toho da ba ya ƙarewa, saboda ba ta hutun fure. A kudancin ƙasar kuma akwai masu kiranta furen maƙabarta, don tana fitowa a can inda ba mai ba ta ruwa, har wasu ba sa son ta a gida. Tana da wata 'yar'uwa a Turai, mai yaɗo a ƙasa da shuɗin fure, wadda ita ce ainihin Vinca, kuma zafinmu ba zai bar ta ta rayu ba. Jamusawa suna kiran waccan da sunan da ke nufin kore kullum. Italiyawa suna ce mata furen mutuwa, don da can da ita ake yi wa yaran da suka rasu ado. A Ingila kuwa, zamanin da ake yayin ba kowane fure fassara, shuɗiyar tana nufin abota ta tun ƙuruciya, farar kuma daɗin tuna baya. In kun lura duk wuri ɗaya suke kewayawa, abin da ya ƙi gushewa bayan mutane sun tafi.

Ni dai fassarar da na taso da ita ta kakata ce, Habboba, kamar yadda muke kiran kaka a nan. A Mai Wurno aka haife ni, garin da kakanninmu suka kafa a bakin kogi kusa da Sinnar, bayan yaƙin Burmi na 1903, da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas. Habboba ba ta san Madagaska ba, amma ta san winka ba 'yar ƙasar nan ba ce, don ba ta taɓa ganinta a daji ba. Tana da farar guda a fasasshen tulu kusa da inda take kaɗi. In muka yi wasa muka taka ta, sai ta ce, “Ku bar mini baƙuwata, irinmu ce, inda aka ajiye ta nan ta yi gida.” Lokacin dariya muke yi. Ranar da na durƙusa a mazyara ina ƙirga goma sha bakwai ɗin nan, muryarta na ji. Maƙwabciyata kuwa, da na kai mata biyu daga ciki, cewa ta yi ita ba ta ga wata ma'ana ba, fure ne mai taurin kai kawai, ta karɓa ta dasa.

Saura tara iri, kuma yana son sa ido. Bayan fure ya faɗi, a wurinsa za a ga wasu siraran kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon ɗan akuya, tsawon gaɓar yatsa ko fiye kaɗan. Suna ɓuya a ƙarƙashin ganye, sai an ɗaga. In suna kore shar ba su nuna ba. In aka bari suka bushe a jiki, da kansu suke tsagewa su zubar, ku zo ku tarar da ɓawo. Lokacinsu shi ne sa'ad da suka fara rawaya, har ana hango baƙin irin ta cikin fatar. A tsinko, a sa a ambulan ko a ƙulle a takarda, a ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar, za su fashe a ciki. Leda ba ta yi, gumi take sa su yi su yi funfuna. Ni a kwalin ashana nake zuba nawa, in rubuta launi da wata a bayansa, in sa a cikin gwangwanin shayi saboda tururuwa. Wanda bai wuce shekara ba ya fi tsirowa. Bana kwali uku na tara. Ɗaya na ba direban da ke zuwa Gadarif ya kai wa ƙanwata, ɗaya na Oktoba ne, na ukun kuma yana cikin jakar takardu, tare da katin ɗan ƙasa da takardar gida.